Shaida a kan abin da bai faru ba: takardun karbon na madatsun ruwa da matsalar faɗarsu da Hausa

0. Gabatarwa

Makasudin wannan ƙasida shi ne mu bayyana yadda ake ba madatsar ruwa mai samar da wutar lantarki takardar da Faransanci ke kira « crédit carbone », sa'an nan mu duba kalmomin da suka dace a faɗi wannan al'amari da su cikin Hausa. Mun ɗauki yankin Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, a matsayin wurin da za mu tsaya mu hangi maganar, ko da yake yankin ba shi da kogin da za a datse. Ruwansa na ƙoramu ne da fadamu, inda ake noman rake da kayan lambu.

Dalilanmu biyu ne. Na farko, shekaru da dama wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a jihohin Damagaram da Maraɗi ta dogara ga layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma cikin wutar da Nijeriya ke samarwa akwai kason madatsun Kainji da Jebba da Shiroro. Mutanen yankin sun ga girman wannan dogaro a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido da ita ba sai a 2024. Na biyu, gonakin Matameye da Magarya da Mirya cike suke da itatuwan gawo, kuma ƙa'idojin da ake auna madatsar ruwa da su, su ne ake auna itace da su idan aka zo maganar kuɗin karbon. Mun fara da madatsa ne saboda lissafinta ya fi fitowa fili.

Abin da muke so mu nuna shi ne, takardar karbon shaida ce a kan wani abu da bai faru ba, kuma nahawun Hausa yana da ginin jimla na musamman domin irin wannan magana. Idan mai fassara ya gane wannan, zai daina neman kalmar da za ta zauna daidai kan « crédit ».

1. Asalin tsarin

A 1997 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Kyoto, wadda ta ɗora wa ƙasashe masu masana'antu nauyin rage iskar da ke ɗumama duniya. Aya ta 12 ta yarjejeniyar ta buɗe masu wata ƙofa: ƙasar da ta ga ragewa a gida ya yi mata tsada tana iya biyan kuɗin wani aiki a ƙasa mai tasowa, a rubuta mata ragin da aikin ya kawo kamar ita ta yi shi. Wannan shi ne tsarin da ake kira « mécanisme pour un développement propre », ko MDP a taƙaice. An tsara ƙa'idojinsa a taron Marakash na 2001, aka yi wa aikin farko rajista a 2004, yarjejeniyar kuma ta soma aiki a 2005. Nijar ta rattaba mata hannu na ƙarshe a 2004.

Hujjar tsarin ita ce, iskar karbon ba ta zama inda aka sake ta. Tan ɗaya da ya tashi daga Jamus da tan ɗaya da ya tashi daga Damagaram, illarsu ga sararin sama ɗaya ce. Saboda haka aka mai da tan ɗaya na iskar karbon ya zama ma'auni, kowace takarda ɗaya tana wakiltar tan ɗaya da aka ce an hana shi tashi. Sauran nau'o'in iska, kamar metan, ana juya su zuwa wannan ma'auni gwargwadon ƙarfinsu.

An yi wa ayyuka wajen 7800 rajista a ƙarƙashin MDP, aka fitar da takardu fiye da miliyar 2. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ayyukan na wutar ruwa ne. Ƙasar Sin ita kaɗai ta kwashe fiye da rabin takardun, Afirka baki ɗaya kuwa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na ayyukan ba. Bayan 2020 tsarin ya daina karɓar sababbin ayyuka, aya ta 6 ta yarjejeniyar Paris ta 2015 ta gaje shi. An tsara ƙa'idojinta a Glasgow a 2021, aka ƙarasa manyansu a Baku a 2024. A gefe guda kuma akwai kasuwar sa-kai, inda ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Verra da Gold Standard ke ba da tasu takarda ga kamfanonin da ke saye don ra'ayin kansu. Sunaye sun sauya, amma lissafin da za mu bayyana a ƙasa shi ne ginshiƙin dukkansu.

2. Abin da ake sayarwa

Mu ɗauki misali na ƙirƙira domin sauƙin lissafi. A ce wata ƙaramar tasha mai ƙarfin megawat 10 tana aiki awa 4000 a shekara. Za ta ba da megawat-awa dubu 40. Wannan adadi ba shi da gardama, domin kwantar na nan tana ƙirgawa, kamar yadda take ƙirgawa a bangon kowane gida mai kuran. Amma ba wutar ake ba takarda ba. Abin da ake tambaya shi ne: in da babu wannan tasha, daga ina wannan wuta za ta fito, kuma iska nawa za a saki wajen samar da ita? Idan amsar ita ce injin gazuwal, an san lita ɗaya ta gazuwal tana sakin kimanin kilo 2,7 na iskar karbon, babban inji kuma yana sakin wajen kilo 0,8 a kowane kilowat-awa. Idan kuwa tashar tana haɗe da babban layin ƙasa, sai a duba dukkan tashoshin da ke ciyar da layin da waɗanda aka gina a baya-bayan nan, a fitar da matsakaici. A ce matsakaicin rabin tan ne a kowane megawat-awa. Tashar tamu za ta nemi takardu dubu 20 a shekara ke nan.

Mai karatu zai lura cewa cikin lambobi biyun da aka ninka, ɗaya aunawa aka yi, ɗayar kuwa ƙiyasi ce a kan wata duniya da ba a taɓa zama cikinta ba. Hausa tana bambanta waɗannan abubuwa da kyau. A misalan da ke biye mun ninka wasali don nuna tsawo, mun kuma sa alamar karin sauti a kan kalmar da ake magana a kai:

(1) In an gina madatsa, za a daina ƙona gazuwal.
(2) Dàa ba a gina madatsa ba, dàa an ƙona gazuwal.
(3) Ba don kuɗin karbon ba, dàa ba a gina madatsa ba.

Jimla ta (1) sharaɗi ne buɗaɗɗe: lokaci zai nuna gaskiyarta ko ƙaryarta. Jimla ta (2) da ta (3) kuwa an rufe ƙofarsu tun kafin a furta su, domin an riga an gina madatsar, babu mai iya komawa ya ga abin da zai faru in ba a gina ta ba. Wannan dàa ita ce ta cikin « da-na-sani », wadda Hausawa suka ce ƙeya ce, a baya take. Jimla ta (2) ita ce abin da takardun Faransanci ke kira « scénario de référence », jimla ta (3) kuma ita ce « additionnalité ». Mai neman takardar karbon dole ya kafa hujja a kan su biyun. Ta (3) ta fi muhimmanci, domin wanda ya sayi takardar zai saki tan ɗaya na gaske a ƙasarsa a madadinta. Idan ya kasance ko babu kuɗinsa za a gina madatsar, to babu abin da aka rage, sai ma ƙarin tan ɗaya da aka yi wa sararin sama.

3. Matakan ba da shaida

An ce gani ya kori ji. Tun da a nan babu abin gani, sai aka gina tsari mai matakai domin jin ya zama abin dogaro. A ƙarƙashin MDP matakan bakwai ne.

Na farko, mai aikin ya rubuta kundin bayani bisa wata hanyar lissafi da aka riga aka amince da ita. Ga manyan tashoshi masu haɗe da layin ƙasa sunanta ACM0002, ga ƙanana waɗanda ba su wuce megawat 15 ba kuma AMS-I.D. Na biyu, hukumar da ƙasar ta naɗa ta ba da wasiƙar yarda, tana shaida cewa aikin yana da amfani ga ci gaban ƙasar. A Nijar wannan nauyi ya rataya ga majalisar muhalli ta ƙasa, CNEDD, wadda aka kafa a 1996 a ƙarƙashin ofishin firaminista. Na uku, wani kamfanin bincike mai lasisi ya tantance kundin, bayan an baje shi kwana 30 domin duk mai ƙorafi ya faɗa. Na huɗu, kwamitin zartarwa, wanda sakatariyarsa ke Bonn ta Jamus, ya yi wa aikin rajista. Na biyar, mai aikin ya riƙa rubuta abin da kwantar ta nuna. Na shida, kamfanin bincike ya dawo ya duba rubutun, ya sa hannu cewa tan kaza aka rage daga rana kaza zuwa rana kaza. Na bakwai, kwamitin ya fitar da takardun, kowace da lambarta, a cire kashi 2 cikin 100 a zuba a asusun taimakon ƙasashen da sauyin yanayi ya fi shafa. Wa'adin samun takardu shekara 10 ne ba sabuntawa, ko shekara 7 da za a iya sabuntawa sau biyu.

A mataki na uku ne ake gwada jimlarmu ta (3). Mai aikin yana iya nuna cewa ribar sayar da wuta ita kaɗai ba ta kai abin da mai zuba jari zai yarda da shi ba, ko ya nuna wani shinge da ya hana irin wannan aiki a ƙasar. Daga nan sai ya nuna cewa aikin ba abin da kowa ya saba yi ba ne a yankin. Tun daga 2008 aka ƙara cewa dole ya sanar da hukuma niyyarsa cikin wata shida da soma aiki, don kada wanda ya riga ya kusa gama gininsa ya zo daga baya ya ce kuɗin karbon ne ya sa shi.

Matsayin kamfanin binciken ya yi kama da na dillali a kasuwar dabbobi, wanda mai saye ke dogara da shi cewa dabbar ba ta sata ba ce. Bambancin shi ne, dillali yana zaune a garin, kuma in dabbar ta fito ta sata za a zo a same shi. Kamfanin bincike kuwa mai aikin ne ke zaɓensa, shi ke biyansa, mai sayen takardar ma bai da wani abin da zai yi asara in shaidar ta zama ta banza, tun da hukuma ta riga ta karɓa daga hannunsa. Wanda ke asara shi ne sararin sama, wanda ba ya kai ƙara. Kwamitin zartarwa ya dakatar da uku daga manyan kamfanonin na ɗan lokaci saboda sakaci a aikinsu: DNV a 2008, reshen SGS na Ingila a 2009, TÜV SÜD a 2010.

4. Abin da ya keɓanta ga madatsun ruwa

Ana yawan ɗauka cewa wutar ruwa ba ta sakin komai, tun da ba a ƙona komai. Ba haka abin yake ba. Idan ruwa ya mamaye daji da gonaki, ciyawa da itatuwa da ganyayen da kogi ke kawowa suna ruɓewa a ƙarƙashinsa inda babu iskar shaƙa, su haifar da metan. Duk wanda ya taɓa taka taɓon tsohon kududdufi ya ga kumfa na tasowa, ya ga wannan iska. A tsawon shekara 100, tan ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar tan 28 na iskar karbon. Abin ya fi tsanani a ƙasashe masu zafi, kuma a tafki mai faɗi marar zurfi. Misalin da aka fi kawowa shi ne madatsar Balbina ta Burazil, wadda ta nutsar da daji fiye da murabba'in kilomita 2000 domin megawat 250 kawai.

Saboda haka MDP ya kafa wani ma'auni: a raba ƙarfin tashar da faɗin sabon tafkin da ta haifar. Idan sakamakon ya haura wat 10 a kowane murabba'in mita, ba a lissafa metan. Idan yana tsakanin 4 da 10, sai a cire wa aikin giram 90 na iskar karbon a kowane kilowat-awa. Idan bai kai 4 ba, hanyar lissafin ba ta karɓar aikin sam. Tarayyar Turai, wadda ita ce babbar mai saye a lokacin, ta ƙara nata sharaɗi a 2004: duk tashar da ta wuce megawat 20 sai ta bi shawarwarin da hukumar duniya kan madatsun ruwa ta bayar a rahotonta na 2000, musamman kan haƙƙin mutanen da ruwa zai tasa daga gidajensu.

Misalai uku daga Afirka ta Yamma za su nuna yadda ma'aunin ke aiki. Tashar Felu, a kan kogin Senegal kusa da Kayes ta Mali, mai ƙarfin kimanin megawat 60, ba ta tara babban tafki. Ruwan gangare ne ke juya injunanta. An yi mata rajista a 2010, ta soma ba da wuta a 2013 ga Mali da Muritaniya da Senegal, ƙasashen da suka dogara ƙwarai ga man fetur wajen samar da wuta.

Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, tana da injuna takwas masu ƙarfin megawat 760, tafkinta kuma ya haura murabba'in kilomita 1200. Gininsa ya tasa mutane kimanin dubu 44 daga ƙasashen Borgu da Yawuri. In aka yi rabon, sakamakon bai kai wat ɗaya ba. Duk da haka an yi wa aikin gyaran wasu injunanta rajista a 2012. Dalili shi ne tafkin yana nan tun shekaru arba'in kafin aikin, gyaran bai ƙara masa faɗi ba, don haka metan ɗinsa yana cikin duniyoyin biyu, wadda aka yi gyara da wadda ba a yi ba. Abin da ake ba takarda shi ne ƙarin wutar da gyaran ya kawo kawai.

Na uku shi ne Kandaji, a kan kogin Kwara kusa da Ayoru a jihar Tilaberi, madatsar da Nijar ta daɗe tana buri. Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha na farko a 2013, kamfanin Gezhouba na Sin ya kama aikin a 2019, ya dakatar da shi a watan Agusta na 2023 sa'ad da masu ba da kuɗi suka janye. Bisa tsarin da aka zana, ƙarfinta megawat 130 ne, tafkinta kimanin murabba'in kilomita 280. Rabon ya ba da ƙasa da rabin wat, watau nesa ƙwarai da huɗun da ake bukata. Ko da an tsallake wannan, jimla ta (3) tana jira. An tsara Kandaji ne domin kada kogin ya sake tsayawa a Yamai kamar yadda ya yi a 1985, da domin noman rani na hekta dubu 45, da rage dogaro ga wutar maƙwabta. Waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma ƙarfinsu ne ke hana a ce « ba don kuɗin karbon ba ». Aikin da ƙasa ta fi bukata shi ne wanda zai fi wuya a rantse cewa ba za a yi shi ba.

5. Yadda shaidar ta raunana

Wannan matsala ta bi manyan madatsun ruwa ko'ina. Gininsu yana cin kuɗi masu yawa, gwamnatoci ne ke yanke shawararsu shekaru kafin a soma, abin da takardun karbon ke ƙarawa kuma kaɗan ne in aka gwada da kuɗin sayar da wutar. Wani bincike da cibiyar Öko-Institut ta Jamus ta yi wa hukumar Tarayyar Turai a 2016 ya kammala da cewa kashi 85 cikin 100 na ayyukan MDP da ya duba, da wuya a ce ragin nasu na gaske ne kuma ba a kumbura shi ba. Wutar ruwa da ta iska suna cikin waɗanda ya fi shakka. Daga 2020 Verra ta daina karɓar sababbin tashoshin ruwa masu haɗe da layin ƙasa, sai ƙanana a ƙasashen da suka fi talauci, rukunin da Nijar ke ciki. A watan Agusta na 2024 majalisar da ke sa ido kan ingancin kasuwar sa-kai, ICVCM, ta ƙi ba ACM0002 da AMS-I.D tambarinta na inganci, bisa hujjar cewa gwajinsu na jimla ta (3) ba shi da ƙarfi.

Farashi ma ya nuna nasa rauni. A 2008 takarda ɗaya ta haura yuro 20. Kafin ƙarshen 2012 ta faɗo ƙasa da yuro ɗaya, saboda takardu sun yi yawa, Turai kuma ta taƙaita saye. Tasharmu ta misali, mai takardu dubu 20, da ta samu wajen sefa miliyan 262 a shekara bisa farashin farko. Bisa rabin yuro kuwa ba za ta kai miliyan 7 ba, abin da da ƙyar zai biya masu bincike.

Yarjejeniyar Paris ta zo da wani sabon abu. A zamanin Kyoto ƙasashe irin Nijar ba su da wani alkawarin ragewa, don haka sayar da takarda bai rage su da komai ba. Yanzu kowace ƙasa da ke cikin yarjejeniyar tana da nata alkawari, kuma tan ɗin da ta yarda a sayar wa wata ƙasa dole ta cire shi daga nata lissafi, don kada a ƙirga shi sau biyu. Wasiƙar yarda ta zama sayar da wani abu na ƙasa ke nan, kuma ya kamata ƴan ƙasa su ji bayaninsa da harshensu.

6. Kalmomin da muke ba da shawara

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce « bashin karbon ». Muna ganin a guje ta. A nan « crédit » ma'anarta abin da aka rubuta wa mutum a shafin samu, kusa da ma'anar kiredin da ake sa wa wayar salula. Bashi kuwa, da rance da lamuni, duk suna sa mai sauraro ya tambayi wa ake bi, kuma yaushe za a biya. Daɗin daɗawa, akwai wata magana dabam, ta bashin da ƙasashe masu tasowa ke cewa suna bin ƙasashe masu masana'antu saboda ɓata yanayi. In aka yi amfani da kalma ɗaya, manomi zai ɗauka diyya ce ake biyansa, alhali ciniki ne mai sharuɗɗa. « Lada » ma ba ta dace ba, domin lada sakamakon aikin kirki ne da aka riga aka yi, tsarin nan kuwa, kamar yadda muka gani, ba ya biyan abin da aka riga aka yi. Muna ba da shawarar « shaidar ragi » ko, in ana son cikawa, « takardar shaidar rage iskar karbon ». Kalmar shaida tana ɗauke da mai faɗa da abin da ya faɗa da alamar da aka sa, kuma kowa ya san ana iya karɓarta, ana iya ƙinta.

« Hayaƙi » tana da amfani a maganar injin gazuwal, amma tana ɓatar da mai sauraro a maganar tafki, inda babu wuta, babu abin da ido ke gani. « Iska » ta fi, sai dai a kula da jam'inta: « iskoki » ya riga ya zama na mutanen ɓoye, don haka a ce « nau'o'in iska masu ɗumama duniya ».

Kalmomi uku na Faransanci, « validation » da « vérification » da « certification », sukan narke su zama « tabbatarwa » a fassara, alhali lokutansu dabam ne. Muna ba da « tantance kundi » ga ta farko, wadda ake yi kafin rajista, « binciken aiki » ga ta biyu, « sa hannun shaida » ga ta uku.

Game da « additionnalité », kalmar « ƙari » ba ta isa ba, domin kowace sabuwar tasha ƙari ce a kan abin da ke akwai. Hausa ta saba mai da guntun jimla suna, kamar da-na-sani da ba-ni-in-ba-ka da faɗi-tashi. Bisa wannan hanya muna ba da « sharaɗin ba-don-shi-ba », sa'an nan « halin da-babu » ga « scénario de référence ».

Akwai kuma wani haɗari da ya shafi rubutu kansa. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka dà da dàa da dâa duk « da » ake rubuta su:

(4) Dà an biya kuɗi, sai a soma aiki.
(5) Dàa an biya kuɗi, dàa an soma aiki.

A baki ba mai rikita su. A takarda kuwa, farkon (4) da na (5) harufansu ɗaya ne, ɗaya alkawari, ɗaya kuwa labarin abin da bai auku ba. Mai fassara yarjejeniya ya kamata ya rubuta « da zarar » ga ta farko, « in da » ko « ba don ... ba » ga ta biyu. Haka nan ya rubuta « dalar Amurka » cikakkiya, tun da a kasuwannin Nijar dala sefa biyar ce.

7. Kammalawa

Nijar ta taɓa samun kuɗin karbon ta hanyar itace. Aikin dashen daƙwara, itaciyar ƙaro, wanda asusun BioCarbon na Bankin Duniya ya tallafa, ya samu rajistar MDP a 2013, aka biya al'ummomin karkara 26 kuɗinsu na farko a 2020. An karɓe shi ne domin dashe ne sabo a kan ƙasar da ta lalace, wanda aka tsara tun farko da wannan niyya.

Gawon Matameye labarinsa dabam ne. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin suka riƙa barin tsiron da ya fito a gonakinsu suna yi masa gyara, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa abin ya kai wajen hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matameye da Mirya. Sun yi haka ne domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. Bisa ƙa'idar da muka bayyana, karbon ɗin da ke jikin waɗannan itatuwa yana cikin halin da-babu, kamar tafkin Kainji. Abin da za a iya ba shaida shi ne ƙarin da wani sabon aiki zai kawo, in an nuna ba don shi ba da ba a samu ba. Manomin da aka ce wa za a biya shi ladan itatuwansa, da wanda aka ce wa za a sayi shaida a kan ƙarin da zai yi nan gaba, tare da alkawarin ba zai sare ba har shekaru kaza, ba yarjejeniya ɗaya suka ji ba, ko da takarda ɗaya suka dangwala wa hannu.

Kalmomin da muka kawo shawara ce, kuma wurin gwada su shi ne gidajen rediyon karkara da azuzuwan yaƙi da jahilci da zaman majalisun gundumomi. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun bincike da su ɗauki jimloli (1) zuwa (5) su gwada su a karin harshen Damagaram da na Katsina da na Gobir, a baki da a rubuce, su ga inda masu sauraro ke rabuwa wajen fahimta.